Fensirin Tumba

Shagona yana bakin titin Dundaye:
kwamfuta ɗaya, fanka mai tari,
janareto da ba ya tashi sai an lallashe shi.
Shekara tara ina buga wa Dakta Labbo maƙalunsa,
ana biya na shafi-shafi.
Ba wanda ya ɗauke ni aikin tunani,
amma yatsa ba ya taɓa kalma kunne bai ji ba.

Ya rubuta: buhun albasa, ka cire ɗaya, buhu ne.
Ka ƙara cirewa, buhu ne har yanzu.
To a ina buhu ke daina zama buhu?
Shafi goma sha huɗu yana farautar iyakar.
Na ɗauki fensiri, can gefe, da ƙananan baƙaƙe:
Dakta, tafi Kara ka tambayi Arzika.
Iyakar tana inda mai saye ya ɗaga buhun,
ya dube ka, bai ce komai ba.

Ya zo karɓa, ya gyara tabarau.
"Wannan ba amsa ba ce, Tumba.
Kin ɗauke tambayar ne kin aza wa mai saye."
Na yi shiru, don gaskiyarsa ce. Na goge.
Sai dai bai fita ba
sai da ya kwafe ta a bayan rasit.

Da damina ya kawo wata.
Wai can farko jama'a sun ƙulla yarjejeniya,
kowa ya ajiye sandarsa
don hukuma ta riƙe babba, ta tsare kowa.
Na rubuta: Wace rana? Ƙarƙashin wace itaciya?
Kakata Ige ta koma ga Allah ba ta dangwala ba.
Shekarar da Rima ya shigo mana har ɗaki
mun kwana kan tudu muna jiran babbar sanda,
kwalekwalen Nomau ne ya zo, yana yoyo.
Ya ce, "Misali ne, ba tarihi ba."
Na ce, harajin shagon nan ba misali ba ne.
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi,
sannan ya ce, "Wa ya hana a sace janaretonki?"
Na ce kwaɗo biyu da sarƙa.
Ya ce, "In an yanke sarƙar, wajen wa za ki?"
Wannan na kwana da ita. Har yau ina kwana da ita.

Ta uku ta ɗalibansa ce.
Sun zaga gida ɗari huɗu, Mabera zuwa Runjin Sambo,
sun dawo da jadawali:
kashi saba'in sun gamsu da ruwan famfo.
Layi biyu kawai na saka.
Wa ya amsa sallama a zaure?
Shi ne mai ɗaukar jarka?
Na ƙara ɗaya, don fensirin bai gaji ba:
yaro da kati a wuya, da biro, da sabon takalmi,
wa zai ce masa bai gamsu ba,
alhali ana zaton shi ke rubuta sunayen rabon taki?

Wata biyu bai leƙo ba.
Na ce shi ke nan, na sha miyar bakina.

Jiya bayan la'asar sai ga shi,
rana ta gasa masa ƙeya, maƙala a hammata.
Jadawalin ya sauya, an koma an tambayi na cikin gida.
Saba'in ta rame ta koma talatin da ɗaya.
A ƙasan shafi na shida, ƙananan baƙaƙe irin nawa:
"Godiya ga mai wannan suka,
wadda ba ta so a ambaci sunanta."

Na buga shi yadda yake, ban taɓa ko wasali ba.
Na fiƙe fensiri.
A gefe na rubuta: Wa ya tambaye ta?